Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Malami Kafin Sayen Motar Hannu

Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu na firamare ya gabatar a zaman reshe



Mai girma shugaban reshe, sakatare da ma'aji, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan uwa malamai maza da mata da kuka taso daga Talata Mafara da Bakura da Maradun, muna yi muku barka da zuwa. Muna kuma gode wa Allah da ya kawo ku lafiya, domin a irin halin da hanyoyinmu suke ciki, isowa lafiya ba ƙaramar ni'ima ba ce.

An ɗora mana nauyin yin magana a kan wani al'amari da ba ya cikin manhaja, amma ba ya ƙarewa a hirar da muke yi a gindin bishiya idan an tashi tara, wato sayen motar hannu. Wataƙila wani ya ce a ransa, ina malamin firamare ina zancen mota? Amsar tana wurin wanda ya taɓa ɗora mai naƙuda a bayan babur cikin dare yana neman asibiti, da malamar da take goyon ɗa tana riƙe da wani a kan acaɓa kullum safiya, da wanda ruwan Agusta ya jiƙa shi da littattafan yara tun bai kai makaranta ba. Ba mu zo mu ce kowa ya sayi mota ba. Akwai wanda babur ya wadatar da shi, kuma babu abin kunya a ciki. Maganarmu da wanda ya riga ya ƙudurta ce, ko bana ko baɗi. Abin da muke son ya koma gida da shi shi ne, cinikin da yake ƙarewa cikin yini ɗaya ba tare da nadama ba, watanni kafin ranar ake fara shi.

Me ya sa muke neman hanzari?

Iyaye sun hore mu da cewa gaggawa aikin shaiɗan ce, kuma gaskiya suka faɗa. Mai gaggawa shi ne wanda ya tsallake bincike don ya gama da wuri. Wanda muke son kowannenmu ya zama shi ne wanda ya gama bincikensa tun yana gida, don haka idan ya isa kasuwa babu abin da zai tsayar da shi. Mu malamai mun san wannan a cikin aji. Wanda ya rubuta tsarin darasinsa tun daren jiya, ya tanadi alli da kayan koyarwa, yakan kammala kafin a kaɗa ƙararrawa, yara kuma sun fahimta. Wanda ya shigo yana lalube, lokaci yakan ƙare masa a gabatarwa.

Dalilai uku ne suka sa jinkiri yake da tsada a gare mu. Na farko kuɗin da kansu. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, amma a farkon 2024 ta haura naira 1,500. Motocin da ake shigowa da su da dala ake sayo su, kuma idan ta Beljiyam ta tashi, ta hannu ma sai ta bi ta. Wanda ya riƙe kuɗinsa a wancan lokaci yana cewa bari in ƙara dubawa, ya wayi gari kuɗin da za su saya masa mota sun koma kuɗin babur. Bayan haka kuma, kuɗi a hannun malami ba sa zama. Da an ji adashi ya zo kanka, sai biki ya taso, sai suna, sai rashin lafiyar wani a dangi, kuma ba dukan buƙata ake iya kau da kai daga gare ta ba.

Na biyu hanya. Wanda yake zaune a Kano ko Kaduna yana iya zagaya wuraren sayar da motoci sau goma bayan la'asar ya koma gida ya kwana. Mu kuwa sai mun bi ta Maru da Bunguɗu zuwa Gusau, ko ta Tureta zuwa Sakkwato, idan kuma Kano aka nufa sai an ratsa Tsafe da Funtuwa. Babu wanda ke cikin wannan ɗaki da yake buƙatar a yi masa bayanin abin da hanyoyin nan suka zama. Kowace tafiya da aka ƙara saboda an manta wata takarda ko kuɗi ba su cika ba, kasada ce da aka ɗauka ba dole.

Na uku amanar da ke wuyanmu. Duk ranar da malami ya yi a garejin motoci cikin zangon karatu, akwai aji guda da ya wuni babu mai koyar da shi. Saboda haka lokacin sayen motarmu hutu ne, hutu kuma gajere ne.

Lissafi kafin sha'awa

Shiri na farko a kan takarda ake yin sa, da biro. Mu da muke koya wa yara tarawa da ɗebewa bai kamata dillali ya fi mu iya lissafin aljihunmu ba. Kuɗin mota kashi biyu ne: na ranar saye, da na kowane wata har ranar da za a rabu da ita. Na biyun ne yake kayar da mutane.

Mu ɗauki misali. A ce makarantarka tana da nisan kilomita 15 daga gida, wato kilomita 30 ke nan zuwa da dawowa. A ce motar tana shan lita ɗaya a kowace kilomita 10. Lita 3 ke nan a rana, lita 60 a ranakun aiki 20. Idan lita tana naira 900, kuɗin man zuwa makaranta kaɗai ya kama naira 54,000 a wata. Sai mu ajiye wannan kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024, mu ga abin da ya rage na tuwo da miya. Ba mu sa baƙin mai ba, ba mu sa taya ba, ba mu sa bakanike ba. Tun daga 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. Shi ya sa muke ganin motoci an lulluɓe su da tamfol a ƙofar gida, tayoyi sun sace, kaji suna kwana a ƙarƙashi.

Amma lissafin nan yana da wata fuska. Idan malamai huɗu da suke bin hanya ɗaya suka raba wannan 54,000, kowa zai biya 13,500. Wanda ya tsara haka da abokan aikinsa tun kafin ya saya, ya san motarsa za ta yi tafiya. Haka kuma, a ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma na abin da aka tara, kada a shiga kasuwa da shi. Babu motar hannun da ba ta neman wani abu a makon farko, ko da canjin baƙin mai ne da birki. Sai kuɗin canjin mallaka da lasin da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ga motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023. Abin da ya saura bayan an cire waɗannan shi ne kuɗin motarka na gaskiya. A rubuta adadin, kada a ƙetare shi ko da an ga wadda ta shiga rai.

Kuɗi su taru wuri ɗaya

Yawancinmu ba daga albashi kaɗai muke haɗa kuɗin mota ba. Wani adashi yake jira, wani shinkafar da ya noma da ruwan Bakolori, wani ɗan sa ne da ya turke, wata kuma kayan ɗakinta za ta rage. Shawararmu ita ce kada a fara neman mota sai dukan waɗannan sun zama kuɗi a asusun banki guda. Mota mai kyau ba ta jiran a sussuke shinkafa. Kada kuma a sa kuɗin ariyas ko na ƙarin girma a cikin lissafi kafin a ga shigarsu.

Wanda zai cika da bashi, ya gama maganar tun da wuri. Ga masu gudun riba akwai tsarin murabaha, inda banki yake sayen motar ya sayar maka da ƙarin da aka sani tun farko, kana biya kaɗan kaɗan. Bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya fara a 2019 suna cikin masu bin tsarin da ba na ruwa ba. Irin wannan yana cin makonni, ana neman takardar albashi da masu tsaya wa mutum, don haka a fara tun ana cikin zangon karatu. A ganinmu, duk bashin da zai cinye fiye da sulusin albashi a wata, iyali ne za su biya shi da cikinsu.

Akwai wani ƙaramin abu da yake ɓata ciniki babba. Kowane asusu yana da iyakar abin da za a iya turawa a rana ta waya. Sai an gama ciniki, an sha hannu, sannan waya ta ƙi tura kuɗin, ga shi ranar Asabar ce banki a rufe. A je banki mako biyu kafin tafiya a ɗaga wannan iyaka, a tabbatar sunan da ke kan asusu ya yi daidai da na katin ɗan ƙasa. A zaɓi ranar aiki, domin idan sabis ya ɗauke a iya shiga banki a tura. Mu da muka ga yadda aka katse layukan waya a jihar nan a watan Satumban 2021 mun san waya ba abar dogaro ba ce ita kaɗai. Ɗaukar tsabar kuɗi a jaka kuwa, kada ma a kawo shi cikin shawara.

A zaɓi mota tun a gida

Wanda ya shiga kasuwa bai san abin da yake so ba, abin da dillali yake son rabuwa da shi zai saya. A tsayar da iri biyu, ko uku idan an matsa. Kuma wanda ya kamata a fara tambaya shi ne bakaniken garinku: wace mota ce ka fi sanin cikinta, wacce ce kuma ake samun kayanta a nan ba sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ba? Dalilin da ya sa direbobin haya suka riƙe Golf da Sharan, ma'aikata kuma suka riƙe Corolla da Civic da Peugeot 406, shi ne kayan gyara da masu gyara. Motar da sai an kai ta Kaduna kafin a gane ciwonta ba ta malamin Maradun ba ce, komai arharta. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

A duba kuma hanyar da za ta riƙa bi. Wanda makarantarsa take bakin kwalta yana da zaɓi. Wanda zai sauka ya bi burji da yashi da laka, sai ya nemi mai ɗan tsayi daga ƙasa, ba wadda kowane tudu zai daki cikinta ba. Sannan a tuna da halin da muke ciki: motar da ba ta ɗaukar ido ta fi kwanciyar hankali. Wannan ma dalili ne na kama baki. Ba kowa ne ya kamata ya san ranar tafiya ko adadin da aka tara ba.

Bayan an tsayar da iri, a yi wata guda ana tambayar farashi a Gusau da Sakkwato da Kano, ana rubutawa a bayan littafi. Wanda ya ji farashi goma, idan aka faɗa masa na goma sha ɗaya nan take zai san ko na gaskiya ne. Kada kuma a raina motar gida. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, ko dattijon da ya yi ritaya yana son rage nauyi, ko malamin Kwalejin Abdu Gusau da zai canja wata, sau da yawa motarsu ta fi ta kasuwa, domin an san mai ita, an san bakanikenta, kuma babu doguwar tafiya.

Mutanen da za a tanada

Mutum uku ake buƙata, kuma tun kafin ranar ake magana da su. Na farko bakanike naka, wanda kai ka kawo shi, kai za ka biya shi. Bakaniken da mai mota ko dillali ya kawo, ba kai yake yi wa aiki ba. Idan da hali a haɗa da mai wayarin da yake da na'urar da ake jona wa mota ta karanto matsalolinta. Na biyu dillalin da aka san gidansa da iyalinsa. Dillanci sana'a ce ta halal, kuma dillalin kirki yana rage wahala ƙwarai, amma a yanke la'adarsa tun farko, a kuma nemi ganin mai motar ido da ido, domin kada a ɗora wani abu a kan farashi ba ka sani ba. Na uku shaidu biyu masu hankali.

Muna jan kunnen 'yan uwa game da hotunan motoci da ake yaɗawa a Facebook da WhatsApp da farashin da ya yi daɗi fiye da kima, a ce ka tura kafin alƙalami don a ajiye maka. Wannan cinikin biri a sama ne. Kada sisi ya fita sai ido ya gani, hannu ya taɓa.

Takardu su ne motar

Inji idan ya lalace ana gyarawa. Takarda idan ta lalace, motar gaba ɗaya ake rasawa, wani lokaci har da mutuncin mai ita. Tun 1 ga Janairu, 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma mu da muke kusa da Illela da Jibiya mun san cewa ba kowace motar Kwatano ce ta biyo ta ƙofa ba. Motar da ba a biya mata kuɗin kwastam daidai ba ana iya kama ta a hanya ko bayan shekaru, kuma wanda aka same ta a hannunsa shi ke da asara. Ta sata kuwa ta fi muni, domin sai mutum ya wanke kansa a gaban hukuma.

Saboda haka, tun kafin a taso daga gida a ce wa mai mota ya turo hoton takardar kwastam, da takardar mallaka, da lasin, da lambar shasi. Wannan lamba haruffa da alƙaluma 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofa. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, harafi na goma yana nuna shekarar motar, don haka ba sai an dogara da bakin mai sayarwa ba. A kai lambar ofishin kwastam a tantance, a kuma bincika wurin 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton satarta. Wannan aikin 'yan kwanaki ne, kuma ana yin sa ne mota tana can kai kana nan. Wanda ya ƙi turo takardu ya riga ya ba ka amsa, ya kuma hutar da kai tafiya.

Ranar ciniki

Idan an yi duk abin da ya gabata, ranar ciniki ba ta wuce sa'o'i kaɗan. A isa da sassafe, a roƙi kada a tayar da motar kafin ku zo, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwonsa. A fara da gwada lambar shasi ta jikin mota da ta takarda, harafi bayan harafi, kamar yadda muke duba rajista. Idan sun saɓa ko an ga alamar an kankare, a yi sallama a tafi.

Daga nan bakanike ya karɓa. Hayaƙi mai shuɗi alamar inji yana shan baƙin mai ne. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa alamar ruwa yana shiga inda bai kamata ba, haka ma idan aka buɗe murfin baƙin mai aka ga ya yi kamar madara. A ɗaga dardumar ƙasa a duba tsatsa da busasshiyar laka, domin akwai motocin da ambaliya ta shanye a ƙasashen waje aka wanke aka kawo. A bi jikinta da mayen ƙarfe. Inda ya ƙi kamawa, an cike wurin ne bayan haɗari. A tabbatar ba a juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu ba. A leƙa ƙarƙashi a ga ko an cire abin tace hayaƙin salansa da bakanikai suke kira indomi. A jikin kowace taya akwai alƙaluma huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta; tsohuwar taya a zafin Afrilu a kan titin Sakkwato ba abar wasa ba ce. Sannan a hau a tuƙa ta, a kwalta da kuma hanya marar kyau, a saurari giya da birki da ƙafafu.

Idan an daidaita, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, don haka neman takarda ba rashin yarda ba ne. A sa sunan mai sayarwa da na mai saye, da lambar katin shaidarsu, da lambar shasi da ta inji, da farashi, da rana da sa'ar da aka miƙa makulli, da duk aibin da aka bayyana. Kuɗi kuma a tura su asusun da ke ɗauke da sunan wanda ya sa hannu. A kama hanya da rana tsaka, idan kuma yamma ta yi a kwana. Da an dawo gida a yi canjin mallaka cikin makon, kada a bar mota tana yawo da sunan wani.

Abin da muke roƙon reshe

Mai girma shugaba, yawancin wannan aiki ya fi sauƙi idan an yi shi tare. Muna ba da shawarar abu uku. A kafa ƙaramin kwamiti na mutum biyu daga kowace ƙaramar hukuma cikin ukun nan, su tattara sunayen bakanikai da dillalan da 'yan uwa suka gwada suka gamsu. A tsara takardar yarjejeniyar ciniki guda ɗaya da Hausa, a nuna wa lauya da malamin shari'a su duba, a ajiye kwafinta wurin sakatare don duk mai buƙata. Sannan wanda yake son sayar da tasa motar ya fara sanar da ofishin reshe kafin ya kai ta kasuwa, domin ɗan uwa ya amfana, shi ma ya huta da la'ada. Babu ɗaya daga cikin ukun nan da yake buƙatar kuɗin ƙungiya, kuma ana iya gama su kafin hutu mai zuwa.

Ga wanda yake da niyya kuwa, aikin gidansa na wannan mako shi ne lissafin nan na mai da gyara. Ya zauna da iyalinsa su yi shi tare, domin su ne za su ji a jikinsu idan an yi kuskure, su ne kuma za su fara shiga motar idan an dace.

Allah ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu, ya haɗa mu da alherin abin hawa, ya kare mu daga sharrinsa. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu da hanyoyinmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.